Sammako da Kamun Tebur a Filayen Shaƙatawa

Kamun tebur a gidajen abincin da ke cikin manyan filayen shaƙatawa, irin su Disneyland a jihar Kalifoniya da Walt Disney World a jihar Filorida ta Amurka, ya sha bamban da yadda aka san shi a manyan gidajen abinci na cikin gari. A cikin gari, idan iyali suka kama tebur na ƙarfe bakwai na dare, akan ɗora masa alama, a bar shi babu kowa har masu shi su iso. A filin shaƙatawa ba kasafai tebur yake zaman jiran wani ba. Abin da baƙo yake samu alkawari ne cewa idan ya zo a lokacin da aka yanka masa, ya sanar da isowarsa, za a sa shi gaban waɗanda suka zo ba shiri, a ba shi tebur na farko da aka tashi daga kansa, muddin ya dace da yawan mutanensa. Abin ya fi kama da ajiye jarka a layin famfo: ta riƙe wa mai ita gurbi, amma ruwa sai na gaba ya cika tasa. Daga nan ne tambayar da baƙi suke yawan yi ta taso, wato ko zuwa da wuri yana sa a zaunar da mutum da wuri, ko a ba shi wuri mai kyau. Amsar ta sauya sau da dama cikin shekaru, domin shi kansa sammakon ya yi ta sauya wuri da kama.

Haɗa cin abinci da yawon shaƙatawa ya girmi kamfanin Disney nesa ba kusa ba. A Landan, Jonathan Tyers ya karɓi hayar lambun Vauxhall, ya gyara shi, ya yi bikin sake buɗe shi a 1732. Sule ɗaya ake biya a shiga, a saurari kaɗe-kaɗe, a yi ta zagaye ƙarƙashin itatuwa da fitilu. A gefen dandalin an jera ƙananan rumfuna na cin abincin dare, wajen hamsin, kowace tana ɗaukar mutum shida zuwa takwas, an ƙawata bangonsu da zane-zanen Francis Hayman da yaransa. Yariman Wales yana da tasa rumfar ta daban. Sauran jama'a kuwa sun fi rumfunan yawa, don haka a daren da lambu ya cika, wanda ya riga shi ne da rumfa, wanda ya makara sai ya nemi tebur a fili. Abincin wurin ya yi ƙaurin suna wajen tsada da ƙanƙanta, har ana cewa naman da ake yankawa, don tsabar sirantaka, mutum zai iya karanta jarida ta cikinsa. An rufe Vauxhall a 1859. Kafin nan Georg Carstensen ya riga ya buɗe lambun Tivoli a babban birnin Denmak a 1843, wanda har yau yake aiki, kuma gidajen abincinsa suna cikin abin da ke kawo masa jama'a. Walt Disney ya ziyarci Tivoli a 1951, shekara huɗu kafin ya buɗe nasa filin.

Shi kuwa gidan abinci irin na zamani, inda kowane ayari yake da teburinsa, ya zaɓi abin da yake so daga takarda, ya ci a lokacin da ya ga dama, a birnin Paris ya bayyana cikin shekarun 1760. Kafin nan matafiyi a masauki tebur ɗaya yake zama da kowa, a sa'ar da mai masaukin ya yanka, wanda ya makara kuma ya haƙura da abin da aka rage. Da aka raba tebura sai aka sami abin da za a iya kamawa. Masu hali sukan aiki bara da takarda tun da rana. Bayan wayar tarho ta yaɗu, wadda Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1876, sai kira ya maye gurbin ɗan aike. Amma wannan al'adar manyan gidaje ce ta birni. Wuraren wasa na gama-gari, irin su Coney Island a bakin tekun New York, da girma suka yi maganin cunkoso: gidan abincin Charles Feltman, ɗan asalin Jamus, ya yi ta faɗaɗa tun daga shekarun 1870 har ya kai yana ciyar da dubban mutane a zama ɗaya.

Wurin da layin abinci ya fi barin tarihi wata gona ce a Buena Park, kudu da Los Angeles. Walter Knott da matarsa Cordelia sun sauka can a 1920 suna noman beri, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi da ɗan tsami, suna sayarwa a rumfa a bakin hanya. Daga baya Cordelia ta buɗe ɗan ɗakin shan shayi. A watan Yuni na 1934, lokacin da karayar tattalin arziki ta matse kowa a Amurka, ta soya kaji ta sayar wa mutum takwas, kowane a kan santi 65, a cikin farantan tangaran na aurenta. Ba ta yi niyyar buɗe gidan abinci ba. Amma labarin kazar ya bazu, cikin 'yan shekaru sai ga motoci suna yin jerin gwano a ranakun Lahadi, mutane suna jiran sa'o'i kafin su sami kujera. Ƙara ɗaki bai kashe layin ba. Walter ya lura cewa mai jin yunwa, in ya tsaya babu abin kallo, juyawa yake yi ya tafi. Sai ya shiga ƙirƙira musu abin ɗebe kewa: lambun duwatsu da ruwa mai gangarowa, dutse mai aman hayaƙi na kwaikwayo, da makamantansu. A 1940 ya fara gina kufan gari irin na masu haƙar zinariya a yammacin Amurka, yana tattaro tsofaffin gine-gine da tarkace daga garuruwan da aka watse aka bari. A 1952 ya ƙara da jirgin ƙasa na gaske mai zagaya wurin. Sai a 1968 aka kewaye filin da shinge aka fara karɓar kuɗin shiga. Gidan kazar yana nan har yau, a wajen shingen.

A gonar Knott ke nan abinci ne ya haifi filin wasa, kuma dokar zama mai sauƙi ce: wanda ya riga zuwa ya riga ci, wanda ya makara a ba shi abin kallo har layi ya iso kansa. Shekaru da yawa bayan haka, a 1985, David Maister, malami a makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard, ya rubuta wata maƙala kan halin mutum a cikin layi, inda ya nuna cewa jira yana ƙara tsawo a zuciya idan babu abin yi, ko mutum bai san iyakarsa ba, ko yana ganin ana fifita wani a kansa. Manomin Buena Park ya gano na farkon da idonsa. Sauran biyun su ne suka yi ta wahalar da masu gidajen abinci a filayen da suka biyo baya.

Disneyland, wadda aka buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955 a Anaheim, 'yan kilomitoci daga gonar Knott, ta juya lissafin. A nan wasa ne babba, abinci ɗan rakiya. Yawancin wuraren cin abincin ma kamfanonin waje aka ba wa: kamfanin nama na Swift ya riƙe Red Wagon Inn da wani gidan kaza, Carnation ya riƙe shagon askirim, Pepsi-Cola kuma ya ɗauki nauyin zauren wasan Golden Horseshoe. Ranar buɗewar an sha wuya. Jama'a sun ninka abin da aka shirya wa, abinci ya ƙare a wasu wurare, famfunan sha kuma babu ruwa saboda yajin aikin masu gyaran famfo. A shekarun farko babu batun kamun wuri a yawancin gidajen, layi ne kawai.

Abin ya canja a watan Maris na 1967, wata uku bayan rasuwar Walt Disney, da aka buɗe Blue Bayou. An gina wannan gidan abinci a cikin ginin wasan Pirates of the Caribbean, a bakin ruwan da kwale-kwalen masu kallo suke wucewa. Ko da tsakar rana ne, a ciki dare ne: sama mai shuɗi-shuɗi, fitilun takarda a rataye, kukan gyare da kwaɗi, ƙwari masu walƙiya na lantarki suna yawo a bakin ruwa. A nan ne karo na farko inda mutum ya zauna ya zama daidai da abin da ya ci, ko ma ya fi. Teburan bakin ruwa kaɗan ne, masu so kuma ba iyaka. Shekara da shekaru hanyar samun gurbi ita ce mutum ya je da ƙafarsa a ranar, ya rubuta suna. A kowace safiya akan bar baƙi su shiga titin farko na filin, a tare ƙarshensa da igiya har lokacin buɗewa ya yi. Da an sauke igiya sai a bazama, wasu zuwa wasannin da suka fi farin jini, wasu zuwa ƙofar gidan abinci. Iyalan da suka san dawa sukan raba aiki: ɗaya ya ruga kamun suna, sauran su kama layin wasa. A wannan zamani sammako na ƙafa ne, kuma ladansa a fili yake.

Da wannan al'ada aka tafi Filorida. Magic Kingdom, filin farko na Walt Disney World, ta buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1971, da gidan abinci a saman fadar Cinderella. Abin mamaki, sunan Sarki Stefan aka sa masa, wanda uban wata gimbiya daban ne a wata tatsuniya daban, kuma haka sunan ya zauna har 1997 da aka mai da shi Cinderella's Royal Table. A nan ma a ƙofa ake kama suna da safe. EPCOT, fili na biyu a can, da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1982, ita ce ta ɗaga darajar abinci a filin shaƙatawa. An kewaye wani tafki da unguwannin ƙasashe tara, kusan kowace da gidan abincinta: na Faransa ƙarƙashin mashahuran masu girki Paul Bocuse da Roger Vergé da Gaston Lenôtre, na Italiya reshen gidan Alfredo na birnin Rum, na Meziko a cikin wani dala mai duhu a bakin ƙorama. A 1984 aka ƙara unguwar Maroko, wadda Sarki Hassan na Biyu ya aiko da magina da masu adon bango suka yi aikinta. Mutane suka fara zuwa EPCOT musamman don cin abincin dare.

Don kada baƙi su yi ta gudun zagaya tafki suna neman gurbi, sai aka kawo wata na'ura mai suna WorldKey, wadda aka ƙera tare da kamfanin tarho na Bell. A wani zaure da ke gindin wani ƙaton gini mai siffar ƙwallo a bakin ƙofa aka jera allunan talabijin masu amsa taɓawar yatsa. Baƙo ya taɓa allo, sai fuskar ma'aikaciya ta bayyana, tana ganinsa yana ganinta, ta tambaye shi gidan da yake so, da yawan mutanensa, da sa'ar da ta yi masa, ta duba ta faɗa masa abin da ya rage. A 1982 wannan abin al'ajabi ne ga yawancin mutane, da yawansu ma ranar suka fara taɓa allo ya amsa. Sai dai gudun bai ƙare ba, wurinsa kawai aka tattara. Da an buɗe ƙofa sai zauren ya cika, kuma kafin hantsi guraben dare na gidajen da aka fi so sukan ƙare. Masu kwana a otal-otal na kamfanin an ba su damar kira ta waya 'yan kwanaki kafin ranar, wanda shi ne farkon fifiko ga mai kwana a gida a kan mai zuwa daga waje.

Buɗe filin Disney na Paris a watan Afrilu na 1992 ya koya wa kamfanin cewa yunwa ma tana da al'ada. An tsara gidajen abincin bisa ɗabi'ar Amurkawa, waɗanda sukan ci duk lokacin da ya samu, ko a tsaye. Faransawa da maƙwabtansu kuwa wajen sha biyu da rabi suke neman kujera, dukansu a lokaci guda, kuma ba sa gaggawar tashi. An kuma zaci Turawan nahiyar ba su damu da karin kumallo ba, sai ga rahotannin lokacin suna cewa ana ƙoƙarin ciyar da mutum 2,500 a ɗakin da ke da kujera 350. Darasin shi ne yawan kujeru kaɗai ba ya faɗin komai sai an san sa'ar da ake son su da tsawon zaman da za a yi a kansu.

A kan wannan lissafi aka gina tsarin da Walt Disney World ta ɗauka cikin shekarun 1990 da sunan Priority Seating, wato fifiko wajen zaunarwa, wanda shi ne uban abin da ake yi yau. Kwamfuta tana riƙe da taswirar kowane gida: tebura nawa ne na mutum biyu, nawa na huɗu, nawa na shida, da matsakaicin lokacin da ayari yake ɗauka daga zama zuwa tashi. Da wannan take raba gurabe, ta jera su minti biyar ko goma tsakani, don kada kowa ya auka wa kicin a lokaci guda. Ba a keɓe wa kowa tebur. Dalilin na kuɗi ne, kuma a fili yake. Baƙon filin shaƙatawa ba shi da iko da lokacinsa: layin wasa ya ja, motar otal ta makara, yaro ya yi barci, ruwan sama ya sauko. Da za a riƙa barin tebura suna jiran irin waɗannan baƙi, da rabin ɗaki ya zauna fayau alhali ƙofa cike take da masu yunwa. Masana harkar otal a jami'ar Cornell, ƙarƙashin Sheryl Kimes, sun ba wannan tunani siffar lissafi a 1998, inda suka ba da shawarar a riƙa auna gidan abinci da kuɗin da kowace kujera take kawowa a kowace sa'a. Kujerar da ta yi minti ashirin babu kowa asara ce da ba a mayarwa. A tsakiyar shekarun 2000 aka canja wa tsarin suna zuwa Advance Reservations, wato kamun wuri tun gaba, amma aikinsa bai canja ba, kuma sabon sunan ya ƙara ruɗa baƙi, domin ya sa suna zaton an ajiye musu tebur. Tokyo Disneyland, da aka buɗe a 1983, har yanzu tsohon sunan take amfani da shi, wanda ya fi faɗin gaskiyar lamarin.

Da aka buɗe kamun gurbi ga kowa ta waya, sai sammako ya tashi daga bakin igiya ya koma ɗakin kwana. Wa'adin ya yi ta sauyawa, kwana 60, kwana 90, har ya tsaya a kwana 180 kafin ranar cin abincin. Layin wayar yana buɗewa ƙarfe bakwai na safe agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe huɗu na asuba ga mutumin Kalifoniya. Gurbin da ya fi wuya shi ne karin kumallo da gimbiyoyi a fadar Cinderella, inda kujeru kaɗan ne. Littattafan jagorar matafiya na lokacin sun ɓata shafuka suna koya wa iyaye yadda za su saita agogo daidai da daƙiƙa, su buga lamba kafin bakwai ta cika, su faɗi abin da suke so a jimla ɗaya ba tare da dogon gaisuwa ba, domin guraben sukan ƙare cikin mintuna. Masu kwana a otal ɗin kamfanin sun sami ƙarin gata: daga ranar da wa'adinsu ya buɗe suna iya kama na kwanaki goma na zamansu a kira ɗaya, abin da ya sa suka riga kowa.

A 2005 aka fito da shirin biyan kuɗin abinci tun daga gida a haɗe da na otal, wani lokaci ma a ba da shi kyauta a watannin da baƙi suke ƙaranci. Gidajen zama suka cika maƙil, har ya kai mai zuwa ba shiri ba ya samun kujera a yawancinsu. Tun da kamun gurbi ba ya cin ko sisi, sai wasu suka riƙa kama biyu ko uku a dare ɗaya, su je ɗaya su bar sauran. A 2011 kamfanin ya fara neman lambar katin banki a manyan gidaje da waɗanda ake cin abinci tare da 'yan wasa masu shigar tatsuniya, da tarar dala 10 a kan kowane mutum idan ba a zo ba kuma ba a soke ba. A 2013 aka faɗaɗa dokar ga dukan gidajen zama. A tsakanin nan kamun gurbi ya koma intanet tun 2009, daga baya ya shiga manhajar waya. Inda abu ya yi wuya kuwa 'yan kasuwa ba sa rasawa: a 2015 sai da kamfanin ya taka wa wasu birki, masu kama gurabe da sunayen bogi suna sayarwa.

Wannan tsari ya yi wa kamfanin amfani, kuma ya yi wa mai shiri amfani. Amma yana da wanda yake cutarwa, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Iyalin da suka yi shekaru suna tara kuɗi don zuwa sau ɗaya a rayuwa, waɗanda ba su san cewa ana yanke shawarar abincin daren Talata tun watanni baya ba, su ne suke isa ƙofa a ce musu babu. Wanda ya saba zuwa, ya san dabaru, yake da lokacin zama gaban kwamfuta da asuba, shi ne da teburin bakin taga. Gudun igiya na da, duk da wahalarsa, ya fi daidaita mutane, domin duk wanda ya tsaya a ƙofa da safe yana da rabo.

Annobar korona ta rufe filayen a watan Maris na 2020. Da Walt Disney World ta sake buɗewa a watan Yuli, an soke dukan tsofaffin gurabe, aka mai da wa'adi kwana 60, kuma a nan ya tsaya. Don rage cunkoso a ƙofa aka kawo sanar da isowa ta manhaja: baƙo ya danna, ya tabbatar da yawan manya da yara, ya ci gaba da yawonsa a kusa har saƙo ya shigo wayarsa cewa tebur ya samu. Wannan ya gaji 'yar na'urar nan mai kaɗawa da walƙiya da akan ba mutum ya riƙe. An kuma ƙara jerin jira na masu zuwa ba shiri, wanda mutum yake shiga ta waya idan yana kusa da gidan, ya ga kimanin mintunan da zai jira.

A yau, ladan zuwa da wuri a ranar cin abincin ya danganta da abubuwa kaɗan. An saba ba da shawarar a iso kamar minti goma sha biyar kafin lokaci. Wannan yana da amfani na gaske, domin sai an sanar da isowa ake sa ayari a layin masu jiran tebur, kuma tsakanin ayari biyu masu lokaci ɗaya da yawa ɗaya, wanda ya riga sanarwa yakan riga zama. Isowa da sa'a guda kuwa ba ta cika haifar da komai ba. Manhaja ba ta karɓar sanarwa sai lokaci ya kusa, mai tarbar baƙi kuma ba zai sa mai ƙarfe ɗaya gaban mai sha biyu da rabi da ke tsaye ba. Idan ɗaki yana da sarari, kamar da la'asar ko ranar da baƙi suka yi ƙaranci, yakan zaunar da mutum nan take, amma wannan alheri ne, ba haƙƙi ba. Tebur babu kowa ma ba hujja ba ne: wataƙila mai hidimar wannan ɓangaren bai kama aiki ba, ko kicin ya riga ya cika da oda. Yawan ayari yana da tasiri fiye da agogo. Mutum biyu ko huɗu suna da tebura da yawa da za su dace da su; mutum goma sai an jira tebura biyu maƙwabta sun tashi an haɗa. Yawancin gidaje kuma ba sa zaunar da ayari sai ya cika, don haka tura mutum ɗaya ya riga zuwa ba ya aikin da yake yi a zamanin igiya.

Wurin zama kuwa nan ne sammako ya fi biya. Gidajen da suke da teburan kwaɗayi sanannu ne: bakin ruwa a Blue Bayou da San Angel Inn na unguwar Meziko, jikin gilashin tankin kifaye a Coral Reef da aka buɗe a 1986, bakin taga a California Grill da ke hawa na goma sha biyar na otal ɗin Contemporary, inda ake hango wasan wuta na dare. Ba a sayar da alkawarin waɗannan tebura a gurbi na yau da kullum. Roƙo ake yi a ƙofa, sai a ce wa mutum yana iya samu idan zai ƙara jira. Wanda ya zo da wuri yana da mintunan da zai kashe a wannan jira ba tare da ya ɓata sauran shirinsa ba. Wanda ya fi kowa dacewa shi ne mai gurbin farko na buɗewar gida, domin a lokacin dukan tebura a sake suke, kuma jinkirin da ke taruwa a hankali cikin yini bai fara ba. Teburan kallon wasan wuta su ne suka fi wuya, domin wanda ya zauna a kansu kafin wasan ba ya tashi sai an gama. Akwai kuma gurbin karin kumallo na kafin buɗe fili, wanda ya daɗe yana da farin jini saboda yana shigar da mutum ta ƙofa tun tituna babu kowa. Darajarsa ta ragu tun 2021, da aka ba dukan masu kwana a otal ɗin kamfanin damar shiga rabin sa'a kafin kowa.

A wasu wuraren sammako ba ya ƙara komai. Wasan Hoop-Dee-Doo, wanda ake yi tare da cin abinci tun 1974 a sansanin Fort Wilderness, ana raba teburansa tun kafin ranar bisa ajin tikitin da aka saya, kowa kuma tare yake shiga. A gidan Japan na EPCOT, inda ake girki a gaban baƙi a kan faffaɗan ƙarfe, akan haɗa ayari da ayari har kujerun murhu ɗaya su cika, don haka lokacin zama ya danganta da waɗanda za a haɗa mutum da su. Makara kuwa tana da nata hukunci. A al'ada akan yi wa mutum uzurin kimanin minti goma sha biyar. Bayan haka abin yana hannun mai tarbar baƙi: idan ɗaki da hali ya sa ayarin a ƙarshen layi, idan babu ya mayar da su, kuma tarar rashin zuwa tana iya hawa kansu. An sassauta dokar sokewa a 'yan shekarun nan, daga kwana guda zuwa sa'a biyu kafin lokaci a yawancin gidaje, abin da ya sa gurabe sukan faɗo cikin manhaja a ranar kanta, musamman da hantsi da kuma bayan azahar.